Wanne Ya Fi Cikin Ayyukan Sinan, Ƙubba Ko Ruwan Sha?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanar da ɗan Adam sana'a domin ya amfani ɗan'uwansa da ita. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Maganar da nake so mu duba yau ta wani magini ce wanda ya rasu shekara 400 da ɗoriya ke nan, sunansa Sinan, Sarkin Maginan birnin Santambul. 'Yan kasuwarmu masu zuwa ƙasar Turkiyya sarin kaya, in sun komo ba su da labari sai na masallatansa, watau tsawon hasumiya da faɗin ƙubba da adon bango. Ban ce sun yi ƙarya ba. Amma a ganina sun yabi riga sun bar mai riga. Abin da ya sa mutumin nan ya cancanci a ambace shi a zauren malamai shi ne ruwan shan da ya jawo wa talakawa, da gadojin da ya ɗora wa matafiya, da makarantu da asibitoci da gidajen ciyarwa waɗanda ya kewaye masallatansa da su. Wannan ita ce da'awata, ga kuwa hujjojina.

Da farko ku sani daular da ake magana a kanta ta Turkawa ce, zuriyar Sarki Usmanu na ƙasar Anadol. Kada a gama ta da daular Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, suna ne kaɗai ya zo ɗaya. An haifi Sinan wajen shekara ta 1490 a wani ƙauye mai suna Agirnas kusa da birnin Kaisariyya, iyayensa kuwa Nasara ne. A wannan zamani daular tana da wata al'ada ta ɗibar samari daga gidajen Nasaran da ke ƙarƙashinta, a musuluntar da su, a horar da su aikin soja ko aikin fada. Al'ada ce mai zafi ga iyaye, ba kuwa yabonta na zo yi ba. Ta wannan hanya aka kawo Sinan Santambul wajen 1512, zamanin Sarki Salim na ɗaya, aka ba shi ga masassaƙa ya koyi aikin itace, kana aka sa shi cikin rundunar sarki.

Daga nan ya yi ta bin yaƙi. Yana cikin rundunar Sarki Sulaimanu a Balgarad a 1521, da tsibirin Rodas a 1522, da ƙasar Hangare a 1526, har zuwa yaƙin da aka ci Bagadaza a 1534. Aikinsa a wurin yaƙi shi ne gyara hanya da ɗora gada da gina kagara, kuma duk garin da aka sauka sai ya zaga ya dubi ginin mutanen dā, na Rumawa da na Farisawa da na Larabawa, ya ga yadda suka aza harsashi da yadda suka ɗaure baka. A tafkin Wan ya sassaƙa jiragen ruwa 3 domin a leƙo sansanin abokan gaba. A 1538, sa'ad da runduna ta tsaya cirko-cirko a bakin kogin Purut, ƙasa duk laka ce, ya ɗora gadar itace cikin kwana 13 aka ƙetare. Wannan ne ya fito da sunansa. Da Sarkin Magina na lokacin ya rasu, sai Lutfi Basha ya kai sunan Sinan gaban sarki, aka naɗa shi, yana kusa da shekara 50 da haihuwa.

To, ku lura da wannan, ya ku almajirai. Shekara 26 mutumin nan ya yi yana ginin da in runduna ta wuce ba mai sake tunawa da shi, kafin a danƙa masa ginin da za a gani. Ginin yaƙi kuwa ba ya karɓar ado, tambayarsa guda ce, zai ɗauki nauyi ko ba zai ɗauka ba. In gada ta karye, ba a jiran gobe kafin a san wanda ya yi ha'inci. A wannan makaranta ya koyi cewa amfani shi ne gaba, kyau yana biye, kuma bai rabu da wannan karatu ba har ya bar duniya.

Ya riƙe sarautar magina shekara 50, ya bauta wa sarakuna uku, Sulaimanu da Salim na biyu da Muradu na uku. Wannan Muradu shi ne ya aika wa Mai Idris Alauma na Barno wasiƙa a 1577, saboda haka kuna iya gane zamanin. Sarautar kuwa ba ta zanen masallaci ba ce kaɗai. Shi ne mai kula da hanyoyin ruwa da titunan birni, shi ne mai ƙayyade girman tubali da tsawon katako da farashinsu da ladan ma'aikata, shi ne kuma mai hana jahilin magini ya taɓa ginin mutane. Ayyukan da aka lissafa da sunansa sun haura 300. Wasu shi ya tsaya a kansu da kansa, wasu kuwa na garuruwa masu nisa zane ya aika, almajiransa suka gina.

Mu ɗauki masallacin Sulaimaniyya, wanda aka aza harsashinsa a 1550 aka buɗe shi a 1557, daidai da shekara ta 964 ta Hijira. Mai kallo daga bakin teku yana ganin ƙubba mai tsawon ƙafa 170 da 'yan kai da hasumiya 4. Amma wanda ya hau tudun ya zaga, zai iske masallacin ɗaya ne cikin gine-gine masu yawa. Akwai manyan makarantun ilmi 4, akwai makarantar Hadisi dabam, akwai makarantar koyon likita da asibiti kusa da ita, akwai makarantar yara, akwai gidan dafa abinci inda ake ciyar da ɗalibai da ma'aikata da matalauta kyauta, akwai masaukin baƙi, akwai gidan wanka, akwai jerin shaguna. Watau yaro yana iya fara karatu a nan, ya ƙoshi a nan, in ya yi ciwo a yi masa magani a nan, har ya zama malami bai bar unguwar ba. An ma ruwaito cewa ya shirya mashigar iska yadda hayaƙin fitilun masallacin zai taru a wani ɗaki bisa ƙofa, a kankare baƙin a yi tawada da shi. Duk wanda ya taɓa dafa tawada ya san darajar wannan tunani.

Haka ya yi tun aikinsa na fari, ginin Hurram matar Sarki Sulaimanu, inda masallacin ɗan ƙarami ne amma makaranta da gidan ciyarwa da asibiti suka biyo baya. Haka kuma ya yi a ƙarshen rayuwarsa a Uskudar, a ginin Nurbanu uwar Sarki Muradu.

Sai maganar ruwa, wadda ita ce babbar hujjata. Santambul birni ne da teku ta kewaye shi ta fuska uku, ruwan gishiri ko'ina, na sha kuwa ƙalilan. Da mutane suka yawaita a zamanin Sulaimanu sai ruwa ya yi tsada, talaka yana sayensa daga hannun masu ɗaukowa a salka. Sinan ya fita dazuzzukan da ke arewa da birni ya bi sawun tsofaffin magudanun da Rumawa suka bari sun rushe, ya auna ƙoramu, ya kawo wa sarki lissafi. Aka fara aiki a 1554, aka yi wajen shekara 9 ana yi. Sunan wannan aiki Kirkceshme, ma'anarsa mashaya arba'in, tsawon magudanunsa kuwa ya kai wajen mil 34.

Ku tuna babu inji a lokacin. Ruwa ba ya hawa tudu, saboda haka dole magudana ta riƙa gangara kaɗan-kaɗan tun daga daji har cikin birni. In gangarar ta yi yawa ruwa ya ci gini, in ta yi kaɗan ruwa ya kwanta. Inda aka iske dutse sai a huda shi, inda aka iske kwari sai a gina gadar dutse ruwa ya bi ta kanta. Ɗaya daga cikin waɗannan gadoji, Uzun Kemer, ta fi ƙafa 2,300 tsawo. Wata kuma, Maglowa, hawa biyu ce, tashinta sama wajen ƙafa 115. A 1563 aka yi wata ambaliya mai tsanani ta rushe Maglowa, ba a ce ƙaddara ce a bar ta ba, aka sake gina ta da ƙafafu masu kaifin goshi masu tsaga ruwa, aka gama a 1564, tana nan tsaye har yau. Ruwan nan ya shiga ɗaruruwan mashaya a unguwanni, Musulmi ya sha, Banasare ya sha, Bayahude ya sha, dabba ta sha.

Yanzu ina tambayarku, ya ku malamai. Mutum nawa ne a birnin suka yi salla a Sulaimaniyya kowace rana, mutum nawa kuma suka sha ruwan Kirkceshme? Wanda ya shiga masallacin ma, da me ya yi alwala? Kun fi ni sanin cewa a littattafanmu na fiƙihu babin tsarki yana gaba da babin salla, babin tsarki kuwa da hukuncin ruwa yake farawa.

Ku kuma fatake, ga naku rabo. A yamma da Santambul, a wani wuri mai suna Buyukcekmeje, inda tafki ya haɗu da teku ya datse hanyar ayari, ya gina gadar dutse mai baka 28, tsawonta ya fi ƙafa 2,000, aka gama ta a farkon sarautar Salim na biyu, ga masaukin fatake a gefenta. Masana tarihin gini suna cewa a kan wannan gada kaɗai aka sami rubutun sunansa a jikin dutse a matsayin wanda ya yi aikin. Mutumin da ya gina masallatan sarakuna, a kan hanyar raƙuma da alfadarai ya bar sunansa. A ƙasar Bosniya kuma akwai gadar Wishegrad a kan kogin Dirina, mai baka 11, wadda Waziri Sokollu Muhammadu Basha ya biya kuɗinta, aka gama a 1577. A birnin Dimashƙa ta ƙasar Sham ya tsara Takiyyar Sulaimaniyya, aka fara ta a 1554, masallaci da ɗakuna da madafa, a filin da ayarin alhazai ke taruwa kafin su shiga hamada. A zamanin shugabancinsa ne kuma aka sabunta rumfunan da ke kewaye da Ka'aba aka rufe su da ƙananan ƙubbobi, waɗanda alhazanmu na dā suka sha inuwarsu. Shi kansa ya sauke farali a 1584, yana tsoho tukuf.

To, na san akwai masu ja da ni ta fuska biyu. Na farko zai ce, yaya za ka fifita magudanar ruwa a kan ɗakin Allah? Amsata ita ce ban fifita ta a kan masallaci ba, na fifita ta a kan girman ƙubba. Salla tana inganta a ƙarƙashin rufin azara kamar yadda take inganta a ƙarƙashin ƙubbar dutse, amma ba ta inganta in babu tsarki, kuma mai jin yunwa ba ya haddace karatu.

Na biyu zai ce, ai duk wannan alfaharin sarakuna ne, malamai kuwa sun karhanta ƙawata masallaci da abin da zai shagaltar da mai salla, sun kuma tsoratar a kan gasa da ginin masallatai. Wannan magana tana da ƙarfi, ba zan kauce mata ba. Masallacin Salimiyya da ya gina a birnin Adirna tsakanin 1568 da 1575, yana da shekara 80 ko fiye, akwai gasa a cikinsa. A littafin tarihin ayyukansa, wanda ya yi wa abokinsa Sa'i Mustafa shifta, bai ɓoye ba cewa yana so ya nuna Musulmi za su iya ƙubba irin ta Aya Sofiya, wadda Rumawa suka gama tun 537. Ya kuwa yi ƙubba mai faɗin ƙafa 100 da 'yan kai, kusan daidai da waccan. Amma ku dubi ikon Allah, Sarki Salim da aka gina masallacin da sunansa ya rasu a 1574 bai ga an gama ba. Wannan ya isa wa'azi ga mai gini domin suna.

Duk da haka, ko a nan sai an yi wa maginin adalci. Ƙubbar Salimiyya a kan ginshiƙai 8 take zaune, ya tura su gefe-gefe suka kusa haɗewa da bango, tsakiya ta zama fili guda. Fa'idar wannan ita ce sahu ba ya yankewa, na baya yana hango liman, haske yana shiga ta tagogi ta kowace fuska har mai karatu ya ga baƙi da wasali. Niyyar sarki tana wurin Allah, Shi ne masaninta. Abin da ke hannun magini shi ne ya juya kuɗin sarki zuwa ga amfanin masu salla, ya kuwa juya.

Saura mas'alar da ta fi shafar masu dukiya. Me ya sa gine-ginen nan suka kai shekara 400 suna aiki? Wani zai ce ƙarfin dutse. Dutse yana da nasa, amma Santambul ƙasar girgiza ce da gobara. Masallacin Mihrimah 'yar Sarki Sulaimanu da ke Ƙofar Adirna ya sha lalacewa, har da girgizar ƙasa ta 1766 da ta 1894, aka yi ta gyara shi. Abin da ya riƙe su shi ne waƙafi, wanda malamanmu ke kira hubusi. Ba a buɗe gini sai an rubuta takarda gaban alƙali, an tsayar da gonaki da shaguna da gidajen wanka waɗanda kuɗinsu zai biya liman da ladan da mai shara da mai dafuwa da mai gyaran rufi. Ku dubi masallacin Waziri Rustam Basha a tsakiyar kasuwar Santambul. Sinan ya ɗaga shi bisa bene, ƙarƙashinsa duk shaguna ne da rumbunan ajiya, hayarsu ita ce abincin masallacin. A Salimiyya ma an ƙara kasuwa rufaffiya a gefenta a zamanin Sarki Muradu domin wannan manufa. Kasuwa tana ɗauke da masallaci, masallaci yana yi wa kasuwa albarka.

Kuma an yi aikin da lissafi. Littattafan kuɗin ginin Sulaimaniyya suna nan, wani masani Baturke mai suna Umar Lutfi Barkan ya buga su a 1972 da 1979. A ciki an rubuta sunayen ma'aikata da garuruwansu da ladan kowa, Musulmi da Nasara kusan rabi da rabi, mafi yawansu 'ya'ya ne masu karɓar lada, akwai kuma samarin soja da 'yan bayi kaɗan. Bayan shekara 400 ana iya buɗe littafi a ga abin da aka biya mai fasa dutse. Wane ne cikinmu zai iya nuna lissafin ginin da aka tara wa kuɗi shekara 10 da suka wuce?

Amma waƙafi ma ba ya tsare kansa, sai da mutane masu riƙe da manufarsa. A 1914 aka mai da gidan ciyarwa na Sulaimaniyya wurin ajiye kayan tarihi, tukwane suka huce. A 1924 hukumar Turkiyya ta rufe makarantun ilmi irin na dā a ƙasar duka. Allah Ya sa biyu daga makarantun Sulaimaniyya sun zama gidan ajiye littattafai tun 1918, yau kuwa yana cikin manyan taskokin littattafan Musulunci rubutun hannu a duniya. Baƙo mai yawon buɗe ido yana ganin ƙubba ya yi mamaki, ba ya ganin abincin da aka daina dafawa. Shi ya sa ya komo gida da labarin ƙubba kaɗai.

Wani abin da Sinan ya bari shi ne mutane. Dawuda Aga ya gaje shi a sarauta. Muhammadu Aga, wanda ya gina masallacin Sarki Ahmadu da aka fara a 1609, almajirinsa ne. Gwanin da ya mutu da gwanintarsa a ciki, kamar rijiya ce da aka rufe da ruwanta.

Ya rasu a 1588, shekara ta 996 ta Hijira, yana kusa da shekara 100. Kabarinsa yana wata 'yar kusurwa a bayan katangar Sulaimaniyya, ɗan ƙarami, a goshinsa kuwa akwai wurin shayar da masu wucewa ruwa. Da dukiyarsa ta kansa ya gina ƙaramin masallacin unguwa da makarantar yara da mashaya. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa.

Saboda haka, ya ku attajirai, in Allah Ya hore wa ɗayanku ya yi niyyar gini domin lahira, kada ya fara tambayar tsawon hasumiyar wane domin ya ɗara ta. Ya fara tambaya ina masu salla za su sami ruwa, ina yaran unguwa za su zauna su yi karatu in damina ta sauka, wane shago ko wace gona zai tsayar domin gyaran rufi bayan ransa, a gaban wane alƙali za a rubuta, wa zai riƙe littafin lissafi. Ku kuma malamai, ku ne ake zuwa wurinku neman shawara da addu'ar aza harsashi. In mai kuɗi ya zo da zanen masallaci a unguwar da ke da masallatai uku ba ta da rijiya ko ɗaya, ku gaya masa gaskiya ko da ba za ta yi masa daɗi ba, domin in kun yi shiru kuna da kaso cikin ƙishirwar mutanen unguwar.

Allah Ya ba mu ikon aikata abin da zai amfane mu bayan an mai da ƙasa a kanmu, Ya tsare mu daga riya, amin. Haza wassalam.